Tabaran Lorraine

Lorraine, wadda muke kula da goggon birai tare a gidan namun daji na garinmu a jihar Ohayo, ta dawo hutu daga Ruwanda da wa'azi a bakinta.

"Wendell, namu sun sangarce," in ji ta. "A daji yini suke neman abinci. Dubi tumbin Otis!"

Otis shi ne babban namijinmu, mai furfurar baya. Daga ranar ta daina miƙa masa abinci a hannu. Sai ta cusa karas a ramin kututture, ta binne kabeji cikin ciyawa. Otis ya nema, amma yana hararta.

Wata safiya tabaranta ya faɗi a filinsu ba ta sani ba. Da ta farga, muka mayar da biran ɗaki, ta shiga nema. Ta rarrafa cikin ciyawa, ta zura hannu a kututture, ta hau dutse tana haki, 'yan kallo suna ɗaukarta hoto. Otis ya jingina da wayar shingen ɗakinsu yana kallo, hankali kwance.

"Ci gaba, Lorraine," na ce. "Motsa jiki ne."

"Rufe min baki!"

Sai da ta jiƙe sharkaf da gumi sannan Otis ya ɗaga cinya, ya zaro tabaran. Bai sake shi ba sai da ta miƙa masa karas a hannu, kamar da.