Randar Tahira

Tahira ta warke daga kuturta tun tuni, likita da bakinsa ya sallame ta. Sai dai ciwon ya tafi da yatsunta ya bar mata dungu, kuma har yau in ta je suna a Sabon Gari, kofinta daban ake ajiye mata. Ba mai zaginta. Gaisuwa ma har da durƙuso, amma ba mai shan ruwa a inda ta sa hannu.

Da wata ƙungiya a Maraɗi ta buɗe koyon ginin tukwane ga naƙasassu, ba son fasaha ya kai Tahira ba, ji ta yi ana ba da abincin rana. Mai kula da su Madam Alisabatu ce, ƴar Tsibiri, mace mai yawan fara'a da yawan ɗaukar hoto. Duk Asabar takan kwashe su a mota, makafi da kurame da guragu, ta kai su Jiratawa wurin mata magina.

Ashe yumɓu bai damu da yatsu ba. Dungun nan da take ɓoyewa cikin mayafi, shi ya fi iya shafe cikin tukunya ya bar shi sumul. Sauran suna ta gina ƴan tsuntsaye da kaskon turare, ita kuwa ta kafe sai randa. Ta farko ta zube tun tana ɗanya, ta biyu ta tsage a wuta. Daga baya wata ta fito ja jawur, maginan suka ƙwanƙwasa ta suka ce ta gasu. Abu ɗaya Tahira take so, kuma ba ta gaya wa kowa ba: a zuba ruwa a randar nan, wani mai lafiya ya ɗiba ya sha.

Ranar da ƙungiyar ta baje kayansu a wani fili a unguwar Zariya, Tahira ta cika randar da ruwa ta ɗora moɗa a kai. Aka yi jawabi, aka yi tafi, manyan baƙi suka zagaye randar suna yabo, kowa da ruwan ledarsa a hannu. Moɗar ba ta ko jiƙe ba.

Can wani mai otel ya kira Alisabatu. "Madam, wagga nike so. A huda mini gindinta, hure za mu dasa ciki."

Alisabatu ta zo da gudu, da zuciya ɗaya take murna. "Inna Tahira, kin ji? Randarki za ta zamna bakin otel!"

"A huda ta?"

"Ƴar huda ce, Inna, don ruwa shi riƙa hita."

"Ɗiyata, ba ta saidawa ba ce."

Alisabatu ta yi lallashi har ta gaji, mai otel ya ɗauki tsuntsu ya tafi. Tahira ta sa mai amalanke ya kai mata randar gida, aka girke ta ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida, bakin hanya, kamar yadda masu neman lada suke yi. Maƙwabta sun san mai ita. Ko rana ta take, sai su gaishe ta su wuce da ƙishinsu, kuma wannan ya yi mata ciwo ƙwarai.

Wata azahar wani ɗan kabu-kabu, baƙon unguwa, ya tsai da babur ya buɗe randar. Tahira tana zaune a tabarma, hannuwa cikin mayafi. Ya kafa kai ya sha rabin moɗa, ya ja numfashi.

"Kai, Inna, ruwan ga da sanyi! Ina kunka samo randar ga?"

Da ta yi shiru, da shi ke nan, ya sha ya wuce. Amma shan da bai sani ba, a wurinta ba sha ba ne. Ta fiddo hannuwan ta ɗora a gwiwa, inda zai gan su sosai.

"Ni na gina ta. Ni kuma na zuba ruwan."

Ya dubi hannuwan, ya dubi sauran ruwan da ke cikin moɗa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗaga ya shanye, har ya zubo masa a haɓa. Ƙishi ne ko kunya, Allah kaɗai ya sani, Tahira kuwa ba ta tambaya ba.