Hotunan Kwalin Ashana

"Ba wannan ba, 'yar nan. Na ƙarƙashin gado. Nan ruwan ke bi."

Mai ɗinki ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta jawo akwatin ƙarfen. Gindinsa ya jiƙe sharkaf. Tun hantsi ake ruwa, kwanon rufin ɗakin kuwa ya daɗe da zama rariya. Rigar mutane ta bari a kan keken ɗinki, hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya na reto, saboda ta ji tsohon yana dukan bangon da ya raba su da sandarsa.

Baba Ashana ake ce masa a layin. Direban babbar mota ne a da. Bai taɓa shan taba ba, amma duk garin da ya sauke kaya sai ya sayi ashana, ya ɓare hoton da ke jikin kwalin ya adana, tsinkayen kuma ya ba masu shayi. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya tafi, sai tari da ke tashinsa zaune.

"Buɗe ki gani. Sun sha ruwa?"

Ta buɗe. Na ƙasan duk sun manne da juna, jan launi ya zuba cikin shuɗi.

"Kaɗan ne, Baba."

"Muryarki ba ta ce kaɗan ba."

Ta zauna a bakin gadon, bayanta na mata zugi. Ya miƙo hannu, ta sa masa ɗaya daga na sama, busasshe. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Me ke jiki?"

"Jirgin ruwa mai hayaƙi."

"Wannan masana'antar ta mutu tun ba ki iya zira zare a allura ba. Sake wani."

"Wata mata ce riƙe da jariri, an yi rubutu a ƙasa."

"Na riga-kafi ne. Lokacin ba kowa ke da rediyo ba, amma kowace mace tana kunna wuta. Sai aka sa maganar a inda hannunta zai kai." Ya yi tari mai tsawo. "Dubi yadda aka zana idonta, a wurin da bai fi ɗan yatsa ba. Wanda ya zana ko sunansa ba a sa ba."

Ta sha jin wannan bayanin, har tana iya ƙarasa masa. Yau dai ba ta katse shi ba. Da ta tashi za ta ɗumama masa ruwa, ta laluba ko'ina ba ta samu abin kunna risho ba.

"Baba, gidan ashana guda, babu tsinke ko ɗaya?"

Ya yi dariya har ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ta kira ki?"

'Yarsa yake nufi, ita kaɗai gare shi, tana aure a wani gari mai nisa.

"Ta ce ƙarshen wata."

"Haka ni ma nake ce musu a gida, lokacin da nake tuƙi," in ji shi. Ya juya fuska bango.

Bai kai ƙarshen watan ba. Wata safiya mai ɗinki ta lura har rana ta ɗaga ba ta ji sanda a bango ba. Ta ƙarasa bakin zanin da take kalmasawa tukuna, don ta riga ta sani. Ta same shi a kishingiɗe, bargo har wuya, kofin ruwansa a cike.

'Yar ta iso bayan an kai shi makwancinsa. Doguwa ce kamar shi, idanunta sun yi ja da tafiya. Da mutane suka watse, mai gidan haya ya fara zancen yana son ɗakinsa. 'Yar ta ba da katifa, ta ba da risho, ta tsaya a kan akwatin.

"Yaya, in kina so ki ɗauka. In ba haka ba a zubar."

"Ran Baba na kan abin nan."

"Na sani. Ya san sunan kowace tasha, bai san ajin da nake ba."

Mai ɗinki ta sunkuya. Ta ja akwatin zuwa ɗakinta, ta ɗauko dunƙule ɗaya cikin waɗanda suka manne, ta sa farce. Hoton farko ya yage biyu, rabin zakara ya biyo yatsanta.

"Ba haka ake yi ba."

'Yar ce a bakin ƙofa, jakar tafiyarta a kafaɗa.

"Ruwan ɗumi za ki sa a faranti. Ba mai zafi ba. Ki bar su su saki da kansu." Ta dubi yagaggen hoton. "In ya dawo daga tafiya, kafin ya cire takalmi zai ce a kawo ruwa. Ni ke riƙe masa farantin."

Mai ɗinki ta ɗora ruwa. 'Yar ta duba agogon wayarta, ta sauke jakar, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙyallaye. Ta taɓa ruwan da bayan hannu, ta ƙara na sanyi kaɗan, sannan ta saka dunƙulen.

Suka zuba wa farantin ido. A waje motar da za ta kai 'yar tasha ta yi ta hon, ta gaji ta wuce. Can wata 'yar giwa shuɗiya ta rabu da sauran, ta taso saman ruwan tana juyawa a hankali.