Littafin da Aka Tsinta a Jirgin Barking

Littafin yana kan tebur cikin leda, kamar naman da ake shakkar yankansa.

Tun daga ƙofar ofishin bincike Maharazu ya gane shi. Shekara uku yana cika shi da bayanan digirinsa na tarihin yaƙi, ranar Talata ya manta shi a jirgin ƙasan Barking, unguwar da yake zaune a Ingila. Wani fasinja ya buɗe, ya ga zanen jiragen sama da tankokin yaƙi, ga rubutun ajami zagaye da su, bai tsaya ko'ina ba sai wajen hukuma. Ajamin kuwa tun a zauren mahaifinsa a Zariya hannunsa ya saba da shi. Saura wata guda a sabunta masa biza, tsoro ya kama shi sosai.

Jami'ar da ke binciken, Angelina, ta zo da tafinta, wani dattijon Kumasi mai suna Abdul-Mumuni. Dattijon yana bin layi da yatsa, yana satar kallon Maharazu.

"Yaro na, nan ka rubuta a auna bayan tanka, wurin ƙarfe ba kauri. Tanka na wa?"

"Ta Jamus ce, Baba. Shekara tamanin ke nan."

"Lambobi nan fa?"

"Jirage uku nake gwadawa. Typhoon na Ingila mai rokoki, Stuka na Jamus mai igwa biyu, da Ilyushin na Rasha. Layin dama abin da matuƙa suka ce sun fasa ne. Na hagu, abin da aka samu da aka taka da ƙafa aka ƙirga."

"Na hagu kaɗan ne."

"Daga sama duk hayaƙi tanka ce, Baba. Sai an sauko an duba."

Dattijon ya fassara. Angelina ta daɗe tana rubutu, sannan ta turo masa ledar da murmushin da bai kai ido ba.

"An yi clear ɗinka," in ji dattijon.

"Sunana fa?"

"Wannan yana file."

A jirgin komawa Barking, wani tunani ya faɗo masa game da babi na huɗu na kundin digirinsa. Ya zaro biro, ya ɗora a gefen dama na shafi, inda ajami ke farawa. Matar da ke gabansa ta ɗago kai daga wayarta.

A hankali Maharazu ya mai da hannunsa gefen hagu, ya fara da boko. Kafin ya kai ƙarshen layi, tunanin ya tafi.