Sifikar Dama

"Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi," Baba Mai Ƙaho ya sake faɗa daga kan gado. "Kada ku haɗa mini shi a birkice."

"Baba, don Allah ka bar mu mu yi aikinmu," in ji Auta. "Tun ɗazu kake ba da umarni, kai da ko kwalin ba ka taɓa ba."

Ni ce a durƙushe bayan tebur, wayar sifika a baki, ƙura a hanci. Tela ce ni, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin ɗinkina da ɗakin Baba. Auta, 'yarsa ta ƙarshe wadda take jinyarsa, ta kira ni ne saboda ta san da kaina nake kwance kekena in mayar, don haka a ganinta babu wata na'ura da za ta gagare ni. Ban musa mata ba, ina son yabo.

Sabon rediyon ɗan akwati ne baƙi mai sifika biyu, kowace ba ta wuce kwalin takalmi ba. Yana ɗaukar faifai, yana haɗuwa da wayar hannu, amma duk ba wannan ya sa Auta ta saye shi ba. Sai da ta zagaye shaguna har ƙafarta ta kumbura kafin ta sami mai gidan kaset, masu shagon suna tambayarta ko daga wane zamani ta fito.

Kaset ɗin yana kan ƙirjin Baba, ya dafe shi da hannu biyu. Kowa a layinmu ya san wannan kaset.

Mu dai mun taso mun san Baba mai gyaran famfo ne. Shi kuwa ya ce a ƙuruciyarsa shi ne mai busa ƙaho a wata ƙungiyar makaɗa, har sun taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti sau ɗaya kafin ƙungiyar ta watse. Ba shi da ƙahon, ba shi da hoto, haƙoransa na gaba ma sun daɗe da yin sallama. Da mawaƙin ƙungiyar ya rasu, matarsa ta aiko wa Baba kaset ɗin. Ranar ya tara mutane a ƙofar gida, ya fito da tsohon rediyonsa mai hannu, ya kunna. Aka ji ganga, aka ji jita, aka ji mawaƙi. Da mawaƙin ya gama baiti na biyu ya yi shiru, Baba ya ɗaga yatsa ya ce, "A nan nake." Ganga ta yi ta tafiya ita kaɗai, kamar ana jiran wani da bai zo ba. Babu ƙaho ko na misali.

Tun daga ranar "a nan nake" ya zama abin tsokana a layin. In aka tambayi mutum ina ya shiga lokacin aikin gyaran kwata, sai ya ɗaga yatsa ya ce a nan nake. Mai aski na bakin layi, abokin Baba na shekara da shekaru, shi ya laƙaba masa Mai Ƙaho, sunan kuma ya bi shi har jikokinsa ma da shi suke kiransa. Baba yakan yi dariya tare da kowa. Amma ni da nake bayan bango na san yakan kunna kaset ɗin shi kaɗai da hantsi, ya kashe daidai wurin nan. Bai yarda a kai shi ko'ina a gwada ba, wai kada wani rediyo ya tauna masa shi.

Da likita ya ce a mayar da shi gida, huhun ya gaji, abu ɗaya ya gaya wa Auta. "Ban damu da tafiyar ba. Abin da ke cina shi ne zan tafi ana mini kallon maƙaryaci. Ni kaina na fara tunanin ko mafarki na yi." Auta ta sa a ranta ƙila tsufan rediyon ne yake danne sautin, shi ya sa ta shiga kasuwa.

Na murɗa bakin wayar sifikar hagu, na danna 'yan maɓallan da ke bayan akwatin, na cusa ja a ja, baƙi a baƙi. Da na jawo ta dama sai na ga bakin wayarta a datse yake, ba a fere robar ba.

"Wannan sai na ɗauko almakashi," na ce.

"Bar ta," in ji Baba. "Ɗaya ta isa. Ba gidan biki ba ne."

"Minti biyu ne fa, Baba."

"'Yata, ni minti biyun ne ba ni da tabbas da su. Ku kunna."

Mai aski ya iso daidai wannan lokacin riƙe da 'yar jakarsa, don tun da Baba ya kwanta shi ke zuwa gida ya yi masa gyaran fuska. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa tebur kallo.

"A'a, Mai Ƙaho, yau kuma sabon shaida aka ɗauko?"

"Zauna ka rufe mini baki," in ji Baba.

Auta ta sa filogi a soket, fuskar akwatin ta kawo shuɗiyar wuta. Ta karɓi kaset ɗin a hankali, ta buɗe gidansa, ta zura, ta rufe, ta danna. Sautin ya fito tas, ban taɓa jin gangar nan da kyau haka ba. Mawaƙin ya yi baiti na ɗaya, ya yi na biyu, ya yi shiru. Na ga yatsan Baba ya ɗan motsa a kan bargo amma bai ɗaga ba.

Ganga ta yi ta tafiya ita kaɗai.

Ko mai aski, da bakinsa ba ya hutawa, sunkuyar da kai ya yi yana buɗe jaka yana rufewa. Auta ta kashe. Baba ya juya fuskarsa ga bango.

"To, shi ke nan," ya ce. "Ka ci, mai aski. Mayar musu da kayansu, Auta."

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushi. Haushin ba na kowa ba ne, na sifikar nan ce da ke kwance a ƙasa da waya a datse. Ni ba na iya barin riga da hannu ɗaya, ko da mai ita ya ce ya fasa. In ma mayarwa za a yi, sai na ga ta yi aiki tukuna. Na zaga ɗakina na ɗauko ƙaramin almakashin da nake yanke zare, na dawo na fere robar, na murɗa 'yan siraran wayoyin da yatsa, na cusa su a ramukansu. Na ɗora sifikar a ɗaya gefen teburin, ta wajen kan gado.

"Anti, ki bari kawai," Auta ta ce a hankali. "Kada mu ƙara masa."

"Gwadawa zan yi in ji ko tana da rai."

Ban ma mayar da kaset ɗin baya ba, daga inda ya tsaya na danna.

Ƙaho ya fashe a ɗakin.

Wallahi sai da na ja da baya na bugi kujera. Sauti ne mai kauri, mai zaƙi, ya tashi daga sifikar dama ya hau sama ya tsaya can yana rawa, sannan ya gangaro yana wasa da gangar da ke hagu, ita tana kira shi yana amsawa. Ashe ba ita kaɗai take tafiya ba duk shekarun nan.

Baba bai juyo nan take ba. Sannan mutumin da sai an tallafe shi yake zama ya dafa katifa ya tashi da kansa, ido a buɗe, baki a buɗe, yatsunsa uku na dama suna danna iska.

"Mayar baya," ya ce. "Mayar baya, 'yata!"

Na mayar. Mawaƙin ya gama baiti na biyu, ƙahon ya shigo daidai inda Baba ya yi shekaru yana nunawa, ko ƙiftawar ido bai kuskure ba.

Auta ta durƙusa tana kuka tana dariya. Ita ce ta fara gane abin. Ta jawo tsohon rediyon daga ƙarƙashin gado, ta kunna tashar labarai, ta kara kunne a hagu, ta kara a dama. Sifikar daman a mace take, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Mai karanta labarai ko ta sifika ɗaya ma ana jinsa, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Su kuwa masu ɗaukar sautin sun raba kayan kiɗan ne gida biyu, suka ajiye Baba shi kaɗai a dama.

"Kai!" in ji mai aski. Ya cire hula ya mayar. "Kai! Ashe a nan yake!"

"Maimaita," in ji Baba. "Kunnena ya tsufa."

"Na ce a nan kake."

"Da ƙarfi. Ka fita ƙofar gida ka faɗa, inda ka saba faɗar wancan."

Kuma ya fita. Ina jinsa ta taga yana ƙwala wa mai shago da mai faci kira, yana cewa su bar abin da suke yi su zo su ji abin kunyarsu.

Kwanakin da suka biyo baya ban yi ɗinkin kirki ba. Ɗakin jinya ya koma kamar tasha. Baba ya sa aka raba sifikun, ɗaya a kan tebur, ɗaya a kan durowa, aka ajiye kujera a tsakiya daidai inda sautin biyu ke haɗuwa. Duk wanda ya taɓa ɗaga masa yatsa sai ya zauna a kujerar nan ya ji waƙar daga farko har ƙarshe, kuma ba ya manta kowa. Har matar mai shago ya aika aka kira, wai ta taɓa yin dariya ta bayan labule.

Ya koyi rimot ɗin sabon rediyon a yini ɗaya, mutumin da bai taɓa iya ajiye lamba a wayarsa ba. Ya gano maɓallin da ke karkatar da sauti gefe guda. Sai ya mayar da shi duk hagu, ya dubi baƙo ya ce, "Wannan shi ne abin da kuka sani." Sannan ya dawo da shi tsakiya a hankali, ƙahon yana tasowa, yana kallon fuskar mutum yana murmushi da dasashi.

"Baba, maganinka," Auta za ta ce.

"Bari a gama baitin."

"Ka rage ƙara, maƙwabta fa."

"Maƙwabciyar ce ta haɗa. Ko na dame ki, 'yata?"

"Ƙara ma, Baba," nake cewa.

Auta ta ji tsoron kaset ɗin zai gaji da juyawa, ta sa aka kwafe waƙar a waya, daga nan ta bazu. Mai aski ya riƙa sa ta a shagonsa, yana tsayar da aski a tsakiyar kan mutum don ya ce, "Saurara, abokina ne wannan." Yaran layi suka daina kiran Mai Ƙaho da sigar tsokana. Sunan bai canza ba, yadda ake faɗarsa ne ya canza, kuma Baba ya ji bambancin ta taga.

Jikin kuwa yana ta ja baya. Abinci ya koma cokali biyu, magana ta koma kaɗan kaɗan. Amma ban taɓa ganin mai jinya da fuska a sake irin tasa ba. Wata rana na shiga na tarar yana kallon silin, ya ce da ni, "Kin san ban taɓa jin kaina ba sai yanzu? Lokacin da kake busawa ba ka ji. Ashe yaron nan ya iya."

Ya rasu da la'asar, ranar da mai aski ya yi masa gyaran fuska da safe. Ina kan keke na ji waƙar ta kai ƙarshe, na jira a mayar baya kamar kullum, ba a mayar ba. Na tsayar da ƙafata. Jim kaɗan Auta ta tsaya a ƙofata. Allah ya jiƙansa. Ta ce sai da ta zare rimot ɗin daga hannunsa.

An yi makonni rediyon yana rufe da ƙyalle. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, 'yan'uwan Auta suka koma gidajensu, ɗakin ya yi shiru har ya dame ni. Sai wata safiya na ji ana ƙwanƙwasa bango.

Na sami Auta zaune a ƙasa gaban durowa. Ta karkatar da sautin duk zuwa dama, ta ƙure ƙara, babu abin da ke fita sai 'yar shuuu ta kaset da gangar can nesa kamar daga wani gida.

"Anti, matso da kunnenki," ta ce. "Kafin ya fara."

Na durƙusa kusa da ita, kanmu ya kusa haɗuwa a gaban sifikar. Mawaƙin ya gama baitinsa can ƙasa ƙasa. A ɗan tsakanin nan, kafin ƙahon, sai na ji shi: wani saurayi mai cikakken huhu ya ja numfashi, dogo, har ƙirji.

Auta ta danna ta tsayar, ta mayar baya kaɗan. Muka sake matsawa.