Taku Uku na Hidaya

Lauratu ba ta taɓa kiran sunan 'yarta a gaban mutane ba. Hidaya 'yar fari ce, kuma a gidan da Lauratu ta tashi, can Haɗeja, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon jama'a. "Yarinyar nan" take cewa. Da aure ya kawo ta N'Djamena, unguwar Diguel, sai ta tarar surukarta Iyatu ta fi ta riƙo: shekara talatin da haihuwar Uzairu, mijin Lauratu, amma har yau "Mai kilishi" uwarsa ke ce masa.

To, amma kunya a ido take. Ranar wata Laraba da hantsi Iyatu ta tafi unguwar Ridina barka, gida ya zama na Lauratu. Kwana biyu ke nan Hidaya tana sakin bango tana tsayawa da ƙafarta, Lauratu kuwa ta rantse a ranta takun farko ba zai wuce ta ba. Ta kunna bidiyo, ta jingina wayarta a tagar zaure, ta rufe ta da faifai, idon kyamarar kaɗai ya leƙo, don kada maƙwabta su gani su sa ta a baki. A waje, bakin titi, Uzairu na gaban teburinsa yana feɗe naman kilishi siriri, na jiya kuma yana shanye a kan karare ya sha labu, haɗin ƙuli da yaji. Hidaya na riƙe da benci kusa da shi.

Lauratu ta laɓe a bayan ƙofa, dab da wayar, ta sassauta murya.

"Taka, Hidayata! Taka, sarauniyar Diguel, mai kumatun alkaki! Wadda ta fi 'ya'yan kowa, har da na masu mota!"

Yarinyar ta saki benci. Ɗaya. Biyu. Uku.

A kan na ukun motar 'yan sanda ta tsaya, ta masu korar tebura daga bakin titi. Wani dogo ya diro da kulki, bai yi sallama ba, bai ce a kwashe ba, ya sa takalmi ya tokare ƙafar tebur. Uzairu ya yar da wuƙa, ya suri Hidaya, teburin ya kife daidai inda take tsaye. Yana rungume da ita yana cewa da Larabci, "Haƙuri, akwai yarinya!" kulki ya sauka a kafaɗarsa, ya sake sauka. Lauratu ba ta san lokacin da ta fito ba mayafi ba. Ta karɓi 'yarta, tana gani aka tura mijinta mota. Dogon ya sunkuya ya tsinci wuƙar ya tafi da ita.

Sai da ta tuɓe Hidaya ta duba ta tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ta ga ko ƙwarzane babu, sannan ta aika yaro ya kira surukarta. Kafin Iyatu ta iso, labari ya riga ya dawo daga komisariya, ofishin 'yan sandan unguwa: wai Uzairu ya zare wa hukuma wuƙa, gobe da safe za a kai shi gaban alƙali.

"Wuƙa?" in ji Iyatu, tana huci. "Mahauci kuma da me ake so a same shi, da carbi? Ɗauko mayafi mu je mu ba su haƙuri."

"Inna, haƙurin me? Shi aka daka."

"Ke baƙuwa ce, 'yar nan. Mai kaki ba ya laifi. Kina da shaida?"

Maƙwabta duk sun gani, amma kowa ya tuna yana da tukunya a wuta. Nan Lauratu ta tuna da faifai.

Ta ɗauko wayar, ta shige ɗaki ta kunna. Komai ya fito tas: wuƙa ta faɗi ƙasa tun kafin dogon ya ɗaga kulki, ga hannuwan Uzairu biyu a jikin yarinya, ga kulki. Sai dai tun daga farko har lokacin da tebur ya kife, muryar da ta cika hoton tata ce. Mai kumatun alkaki! Ta dafe kai. Ta gwada kashe sautin, sai ta ga in babu sauti ba za a ji Uzairu yana roƙo ba. Ta zauna bakin gado jim kaɗan, ta auna kunyarta da kwanan mijinta a bayan kantar 'yan sanda, ta ga ma'aunin bai ko yi gardama ba. Ta tura hoton wa yayarta a Haɗeja tukuna, ko da za a karɓe wayar, ta jira ya shige. Sannan ta goya Hidaya, ta zura katin shaidar Uzairu a jaka.

A komisariya wani mai rubutu ya ɗago ya dube su. Iyatu haifaffiyar Ridina ce, Larabci a bakinta kamar ruwa, ita ke fassara.

"Sunan wanda aka tsare?"

Iyatu ta dubi Lauratu, Lauratu ta dubi silin.

"Ke matarsa ce, faɗa masa."

"Inna, ni? Sunan maigida? Ke kika haife shi."

"Ɗan fari? A bakina? Allah ya sawwaƙe!"

Mai rubutu ya ajiye biro. "Uwa da mata, ba wadda ta san sunansa?"

Lauratu ta zaro katin ta ɗora masa a tebur. Ya karanta, ya girgiza kai, ya shigar da su wurin Kwamisar, shugaban ofishin, wani dattijo mai furfura da tabarau a karan hanci. Iyatu ta fara jero ban haƙuri, Lauratu ta miƙa waya da hannu biyu.

"Inna, ce masa ya kalla."

Ya kunna, ya ƙure sauti. Muryar Lauratu ta cika ofis har waje. Iyatu ta juyo a hankali ta zuba mata ido. Lauratu ta ja mayafi ta rufe fuska, da ƙasa za ta tsage da ta gode mata.

"Me take cewa?" in ji Kwamisar. "Komai da ke ciki shaida ne, Hajja. Fassara."

Haka Iyatu ta tsaya tana mayar da kirarin jikarta Larabci, kalma bayan kalma, fuska a murtuke, kafaɗa na rawa da dariyar da take dannewa. Da ta zo kan alkaki sai da ta yi bayanin yadda ake yinsa.

Murmushin Kwamisar ya ɗauke a inda tebur ya kife. Ya mayar da hoton baya ya kalli wuƙar, ya sake mayarwa ya ƙirga kulkin. Ya sa aka kira dogon, aka fito da Uzairu yana tallafe da hannu. Kwamisar ya juya wayar ya nuna wa dogon.

"Nuna min inda ya zare maka wuƙa."

Dogon ya kalla har ƙarshe. Ya sunkuyar da kai.

"Kalas, shi ke nan," in ji Kwamisar, ya dubi matan. "Ku tafi da mutuminku."

Iyatu ta fara godiya tana jan hannun Lauratu. Lauratu ba ta motsa ba.

"Inna, ce masa a rubuta."

"Ke! An ba ki miji, me kuma?"

"A rubuta abin da aka yi, a ba mu takarda mu kai shi asibiti. Yarinyar nan yau ta fara tafiya. Gobe ma a bakin titin nan za ta taka, motar nan kuma za ta sake biyowa." Ta gyara goyo. "Ki ƙara masa da cewa hoton ya riga mu isa Haɗeja."

Iyatu ta fassara, ta ƙarshen ma da ɗan yaji. Kwamisar ya daɗe yana kallon Lauratu ta saman tabarau, sannan ya kira mai rubutu. Aka ɗauki ƙara, Lauratu ta dangwala yatsa, aka ba ta kwafi mai hatimi. A gabansu ya karɓi kulkin dogon ya jefa a durowa, ya ce ba zai sake fita sintiri ba sai an gama bincike, kuma ranar Litinin a zo da takardar likita. Dogon ya matso ya ba Uzairu haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Hidaya ta leƙo daga goyo ta yi masa gwalo.

Kafin ya mayar da wayar, Kwamisar ya sake kunna farkon. "Wannan ba don aiki ba ne," ya ce. "Taku uku. Mashallah."

Likita ya ce ƙashi bai taɓu ba, tsami ne, ya ɗaure hannun ya rubuta takarda. Da la'asar suna tsakar gida, Uzairu na shan kunu da hagu, ya dubi matarsa.

"Shekara biyu muna tare, ni ko kirari ɗaya ban samu ba. Ashe akwai su a ajiye."

"Kumatunka ne alkaki?" in ji Iyatu. Ta tura wa Lauratu wayarta da ƙafa, tana kallon wani gefe. "Zuba min abin nan a nan. Saboda ranar Litinin."

Lauratu ta zuba mata. Tana kwashe kwanuka ta jiyo muryarta na tashi daga ɗakin surukarta, ta kai taku na uku, a tsayar, a sake daga farko.