Minti Ɗayan Baban Kamala

Shekara arba'in da ɗaya na yi da mijina ban taɓa kiran sunansa ba, don haka muka tashi muka tarar a ƙauyukanmu na bakin kogin Karnali. Baban Kamala nake ce masa. Yanzu da ya rasu ma sai na daure nake iya rubutawa: Hastabir Rokaya, malamin firamare, wanda ya taɓa zama ɗan majalisar wakilai na zango ɗaya tak.

Abu guda ya kai shi Katmandu, babban birnin ƙasarmu, shi ne gada. Kasuwa da asibiti da rumfar zaɓe duk suna tsallaken kogi, mu kuwa mutanen Talakot da abin da muke kira tuwin muke hayewa. Igiyar ƙarfe ce aka ɗaura daga wannan gaɓa zuwa waccan, da akwatin katako a rataye, mutum ya shiga ya riƙa jan kansa da hannu. Saboda igiyar nan, da wuya ka sami gidan da babu mai guntun yatsa. Ƙanwar mijina Jaumati da tsohon ciki ta shiga akwatin nan, ba ta kai tsallake ba.

A majalisa akwai lokacin da ake ba kowane wakili minti ɗaya ya faɗi damuwar mazaɓarsa, bi da bi. Wata huɗu ya yi yana jira kafin layi ya zo kansa. Ranar na ɗaura sabon zanen sari na hau benen baƙi.

Ya miƙe, ya haɗa tafin hannuwansa. Ya gaida Kakakin majalisa, ya tambayi lafiyar iyalinsa. Ya gaida dattijon da ya fi kowa shekaru a zauren. Ya juya ya yi ta'aziyya ga wani wakili da bai daɗe da rasa mahaifinsa ba. Da ya tuna ana sauraro a rediyo, sai ya shiga gaida dattawan Talakot, kowa da sunansa. Sannan ya gyara murya ya ce, "To, abin da ke tafe da ni..."

Ƙit, aka kashe masa lasifika.

"Lokacinka ya cika, mai girma wakili," in ji Kakaki, yana danne dariya. Sauran kuwa ba su danne ba.

Muna shiga ɗakinmu na haya na rufe shi da faɗa. "Baban Kamala, wai gaisuwa aka zaɓe ka ka zo yi?"

"Haba Maman Kamala! In faɗa wa manyan mutane da magana haka nan, kamar akuya ta faɗa gona? Mutumin nan fa ubansa ya rasu."

"Ita Jaumati wa ya yi maka ta'aziyyarta a zauren?"

Ya ture kwanon shinkafarsa ya tashi. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kunyar kaina, amma ban janye ta ba.

Abin haushin, da muka je gida hutu sai aka tarye shi da ganguna. Aka rataya masa furanni har wuyansa ya ɓace, aka cika masa goshi da jan kwallin sa albarka. Tsoho Birka, wanda ya fi kowa tsufa a garin, ya riƙe hannunsa yana hawaye wai duk ƙasa ta ji sunansa a rediyo. Ba wanda ya tambayi gada.

Da muka koma Katmandu na ɗauki aikin a hannuna. Kullum da safe kafin shayi sai in tsayar da shi a tsakar ɗaki ya gwada jawabinsa, agogonsa a hannuna na hagu, ludayi a na dama. Minti na cika in buga tukunya.

"Kin yi sauri!"

"Agogonka ne, malam."

"To bari in gaida Kakaki kaɗai, gaisuwar kirki."

Gwam! Maƙwabta har suka ɗauka dambe muke yi. Wata biyar muka yi a haka, kuma ban san wasu kwanaki da nake kewa kamarsu ba.

Da layi ya sake zagayowa, ko hannu bai haɗa ba.

"Mai girma Kakaki, a mazaɓata mutum ɗari da goma sha huɗu ba su da cikakkun yatsu, igiyar tuwin ta cinye. Gida-gida na bi na ƙirga. Goma sha bakwai kogi ya tafi da su cikin shekara goma, ta tara ƙanwata ce. Rataye muke hayewa kamar wankin da aka shanya. Ina son minista ya gaya wa zauren nan ranar da za a kafa gada a Talakot."

Ya zauna da sauran daƙiƙa goma sha biyar. Kakaki ya umarci minista ya kawo amsa cikin mako guda. Daga nan Baban Kamala ya shiga zirga-zirga, yau zaman kwamiti, gobe wannan ofis, jibi wancan, har takalminsa biyu suka mutu. Bayan shekara biyu aka shimfiɗa gadar ƙarfe mai lilo a kan kogin.

Sai dai a gida an ƙullace shi tun ranar jawabin. A kasuwa mutanen tsallake sun fara kiranmu masu guntun yatsu. Tsoho Birka ya ce, "Ko sannu bai ce mana ba, sai tona mana asiri a gaban duniya. Katmandu ta cinye masa tarbiyya." Da zaɓe ya zagayo, abokin takarar Baban Kamala, wani mai kanti, bai yi wani kamfe ba, wannan maganar kawai ya yi ta maimaitawa.

Da can mutum ɗari uku ne ke iya hayewa su yi zaɓe, yawanci majiya ƙarfi. A wannan karon kowa ya fito, har tsofaffin da ake goyawa a kwando. Baban Kamala ya wuni tsaye a bakin gadar, wasu su amsa gaisuwarsa, wasu su kau da kai. Bayan kwana uku sakamako ya fito, ya sha kaye.

Na yi kuka, na zagi garin gida-gida. Shi kuwa yana zaune a dandamali yana hura shayinsa.

"Ko a jikinka!" na ce. "A kan gadarka fa suka taka suka je suka kayar da kai."

"Mutum nawa suka haye ranar, Maman Kamala?"

"Oho! Dubu biyu da wani abu, butulai."

"Dubu biyu da ɗari da shida," ya ce. "Nawa suka dawo?"

Ya kurɓi shayinsa.

"Ban bar bakin gadar ba sai da na ƙarshe ya sauko," ya ce. "Dukansu suka kwana a gida."