Turakun Bututu

A shekarun da kuɗin fetur suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba su, aka ce za a ja bututun gas daga kudu, ya bi ta Sakkwato, ya keta hamada, ya kai wa Turawa. Mu da muke girki da kara da itace ba a ce za a ɗiga mana ko kaɗan ba, wucewa kawai zai yi ta gonakinmu. A ofishin safiyo, na masu awon ƙasa, Istifanus aka ɗora wa auna hanyar daga bayan garin Sakkwato zuwa Wamakko. Ya sha rana har ya yi baƙi ƙirin, yana kafa turakun ƙarfe masu jan fenti, kowanne da lamba a kansa.

Lokacin kuwa ma'aikaci ba ya cin tuwo da daɗi. Soja ke mulki, kuma da la'asar rediyo kan karanto sunayen waɗanda aka kora daga aiki nan take. Kowa ya ji an wuce sunansa sai ya yi ajiyar zuciya, ya jira gobe.

Ana gobe wani Manjo zai zo duba hanyar tare da Turawan kamfani, Istifanus ya hau babur ya zaga. Daga gefen gari turaku na nan lafiya. Da ya kai burtalin shanu, sai ramuka. Ya bi, ya bi, ramuka ne kawai. Sake awon kuwa aikin makonni ne, na'urar awon ma an riga an tafi da ita Gusau.

Bai sha wahalar neman ɓarawo ba. A unguwar Gidan Dahala yake haya, a gidan Na'Allah, wani tsohon dillalin shanu. Yana jingine babur a bayan gida ya ga jan fenti. Bijimai ne a jere, kowanne ɗaure a turken gwamnati. Maƙeri ya lanƙwasa kawunan ya yi musu zoben igiya, lambobin duk sun tafi ƙarƙashin guduma.

Na'Allah ya taso da fara'arsa. "Malam, ka gani? Ɗana Mani yat tsinto su daji, an yashe su. Ƙarhe na na ƙwarai. Turken icce kullum sai bajimin ga ya tuge shi, wanga ko ko giwa aka ɗaure."

"Baba, na gwamnati ne. Ni na kafa su."

"Kai kak kahwa su? To mi za a ɗaure can, wurin da babu ko akuya?"

Istifanus ya yi masa bayanin bututu. Tsoho ya saurara, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in an zo ginar sai a yi magana ya ara musu. Istifanus ya dubi ƙirjin nan da ke ƙugi, ya kasa faɗin sauran. Doka ce sabuwa: wanda aka samu da kayan bututu, bariki za a kai shi. Shi da idonsa ya ga an kwantar da mutum a shataletale an zane shi kan abin da bai kai wannan ba.

Matarsa Martha ba ta da irin wannan kunyar. Ta ajiye muciya ta ce, "Baban Naomi, gobe ka faɗi gaskiya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ai Mani ne ya cire."

"Mani ya bi motar shanu kudu. Soja ba zai tambayi wanda ya cire ba, gidan da aka samu zai tambaya."

"To mu fa? Yaran nan iskar bututun za su ci?"

"Maman Naomi, ranar da muka binne Habila, wa ya tsaya da mu a maƙabarta har rana ta karya?"

Habila ɗansu na fari ne, kuma tsohon nan, Musulmi da carbinsa, shi ya karɓi diga daga hannun masu gina da suka gaji. Ta san haka sarai. Amma tsoro ba ya jin tuni, ta ɗauki muciya ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Washegari Landiroba ta tsaya a burtali. Garke ya bi ta wurin da safe ya tattake ramukan, ba ko alama. Manjo ya fito da 'yar sandarsa a hammata, ya duba gabas ya duba yamma.

"Ina turakun?"

Istifanus ya dubi inda ramukan suke jiya.

"Masu shanun nan ne," in ji Manjo. Ya juya ga sajansa. "A bi gidajen dillalai da mahauta ɗaya bayan ɗaya. Duk inda aka ga jan ƙarfe, a kawo min maigidan."

"Ranka ya daɗe," Istifanus ya ce, "ba wanda ya cire. Ban kafa a nan ba."

"Ba kai ka ce ka gama ba?"

"Ni na ce."

Manjo ya daɗe yana kallonsa, Turawa na share gumi. Daga baya ya tambayi cikakken sunansa, ya shiga mota. Ba zagi, ba mari, kuma wannan ya fi tayar wa Istifanus da hankali.

Daga ranar, da la'asar ta yi sai su zauna gaban rediyo, shi da Martha, ba mai kallon wani. A wuce su yau, a wuce su gobe. Har Martha ta fara cewa ko an manta. Ran wata Alhamis mai karatu ya kira sunan, ya haɗa da lalaci da yaudarar hukuma, ya zarce zuwa na gaba kamar mai kiran kaya a tasha.

Martha ta fita ba ko mayafi. Abin da ta faɗa wa Na'Allah a zaure, har maƙwabta sun ji.

Ba a jima ba sai ga tsoho yana jan buhu a ƙasa, yana haki. Ya kwance bijimansa duka, ya tuge turakun, ya wanke musu kashin shanu.

"Malam, tashi mu kai musu. In ce ni na. Su bugan, su maido ma aikinka."

"Baba, in ka kai su yanzu, ni na yi wa Manjo ƙarya, kai ka ɓoye kayan gwamnati. Mu biyu za su rufe, aikin kuma ba zai dawo ba."

"To mi za ni yi da su?"

Na'Allah ya zauna a kan buhun, ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. A bayan gida aka ji bijimai sun ture dangar kara sun yi waje, kuma daga shi har Istifanus da Martha ba wanda ya tashi.